Sunayen da Yaya Ya Ajiye a Kaina

Yayana ya rasu ranar Talata da hantsi, a zauren gidansa na Birnin Gwari. Yana zaune a tabarma, ya ce wa matarsa kansa na juyawa, ya jingina da bango. Shi ke nan. A ranar muka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa.

Ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya yi boko har ya zama farfesa. Ni ban yi ba. Noma na sani, sai babur. Wannan ma 'yata ta fari ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini komai. A tsaye nake faɗa. Tun da na fito daga daji ba na iya dogon zama.

Ranar sadakar uku mutanen jami'a suka zo cikin bas guda. Sun biyo ayarin motoci daga Kaduna, suka sauko kowa yana waiwayen hanyar da ya baro. Wani mai farin gilashi ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce marigayi ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken tarihin harshe, da yadda magana ke bambanta daga gari zuwa gari, daga tsoho zuwa jikansa. Ya ambaci littattafai. Ya ambaci ƙasashen da aka gayyace shi. Mutanenmu suka shafa suka ce amin, duk da ba addu'a ya yi ba.

Limamin unguwa ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Wai dama aikin ke nan? Ni na ɗauka yawo kawai yake so."

Tsofaffin ƙauye, waɗanda gudun hijira ya tara a cikin gari, ba su san wani farfesa ba. Su Malam Sake-faɗi suka sani. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Ashe Sake-faɗi ya tafi," ya ɗan yi murmushi, sannan ya tuna inda yake ya gyara fuska. Wani dattijon Gbagyi daga wajen Gayam, Kirista ne, ya tsaya gefe har aka shafa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Shi kaɗai ne ɗan bokon da ya taɓa ce mini in yi masa Hausata yadda take, kada in gyara," in ji shi.

Ni dai ina ta shiga ina fita. In kawo ruwa, in gyara tabarmar da ba ta karkace ba.

Wajen La'asar aka ce wata tsohuwa na nemana a ƙofar soro. Mutuniyar Kutemeshi ce, yanzu tana raɓe a wurin 'yarta a cikin gari.

"Kai ne mai babur ɗin."

"Ni ne, Iya."

"Yayanka ya ɗauki muryar maigidana a gindin ɗorawa, tun ina da ƙarfin kai wa gona abinci. Ya ce duk ranar da na so zai maido mini. A da ban so ba, mutumin yana gabana yana cika mini kunne. Yanzu ina so. Ko hularsa ban tsira da ita ba."

Na ce mata zan duba. Na fita, na tada babur, na zagaya gari sau biyu ban san inda za ni ba.

Da na dawo, mutanen jami'a sun tafi, saura mutum ɗaya. Ɗalibarsa ce ta da, yanzu ita ma malama ce, Dakta ake ce mata. Ita da matar Yaya suka kai ni ɗakinsa. Kwalaye ne jere har rabin bango, cike da kaset-kaset. Dakta ta zaro ɗaya ta nuna mini. Ban iya karatu ba amma na san lamba.

"Baba, duk haka suke. Lamba kawai. Babu suna, babu gari. Na san akwai wani littafi mai baƙin bango da yake rubuta wace lamba ce ta wa. Na duba ko'ina."

"Ya ƙone shi," in ji matar Yaya. "A murhuna. Ya ce sunayen suna kan ƙanensa."

Suka dube ni su biyu.

Dakta ta yi mini bayani a hankali. In ba a san mai kowace murya ba, ba za a san wa ya haifi wa ba, aikin shekarun nan duka ya zama tarin surutu. Kuma ba wanda za a iya mayar wa muryar mamacinsa. Ni ne na kai shi kowane gida. Ni na riƙe abin magana a bakin kowa. Ba wani mai rai da zai ji ya ce wannan wane ne sai ni, ni kuwa na haura sittin, ƙirjina ba daidai yake ba.

Ban ce mata to ba, ban ce a'a ba. Akwai dalili. Sai na koma baya kafin a gane shi.

Innarmu 'yar Gbagyi ce. Da Baba Hausa take yi, da 'yan'uwanta harshensu, in kuwa ranta ya ɓaci sai ta haɗa biyun ta jefe mu da su. Tun muna yara Yaya ya fi son ta yi fushi, don ya ji inda take sauyawa. Ya sha duka a kan kwaikwayon baƙi. Ranar kasuwa a Tsohon Birnin Gwari za a aike shi sayen gishiri, a same shi tsaye bayan fatake baki buɗe, gishirin bai sayo ba. Inna ta ce wannan yaron kunne ne aka yi wa ƙafafu.

Da ya fara aikin jami'a, duk hutu sai ya dawo. Ni lokacin na sayi babur. Haka muka fara, kuma haka muka yi ta yi har gashinmu ya yi fari. Shi a baya, hannunsa ɗaya a kafaɗata, ɗaya riƙe da jakar rikoda. A ɗaure a bayansa kuma akwai wani buhu. Cikin buhun lauje ne, da ludayi, da faifai, da mazari, da igiyar guga, da tarkace irin waɗannan. Ba ya taɓa faɗin sunan abu da bakinsa, don kada mutum ya ari nasa. Sai ya zaro ya ɗaga.

"Baba, mene ne wannan?"

Wani tsoho a Gayam ya dubi laujen, ya dube shi, ya juyo gare ni.

"Wannan wan naka lafiyarsa ƙalau? An ce har ƙasar waje ya je karatu."

"Haka ya dawo mana," na ce.

Tsohon ya faɗi sunan. Yaya ya karkata kai ya ce, "Sake faɗi." Daga nan sunan ya bi shi.

A kowane gida mutum uku yake ɗauka: kaka, da ɗa ko 'ya, da jika. Sai ya bari shekaru su wuce, kamar goma, mu sake komawa gidan, mutanen nan dai, buhun nan dai. Yana so ya ji abin da ya motsa a bakinsu. In muka tsaya hutawa a inuwa sai ya yi ta mini bayanin da ban roƙa ba.

"Ka ji tsohon nan zamna yake cewa, jikansa zauna? Ta tsohon ita ce ta fari. Tamu daga baya ta zo."

"To sai me?"

"Sai ka san ta ina mutanensa suka biyo kafin su sauka a nan, da su wa suka yi auratayya, da kasuwar da jikan yake ci."

"Da ka tambaye shi kai tsaye ai da ya gaya maka, mu huta da ƙona mai."

"Zai gaya mini abin da yake so a ce. Bakinsa kuwa ba ya shawara da shi."

Bai yarda akwai wanda bai iya magana ba. Na ga ya sauka daga mota a tasha saboda direba ya kwaikwayi Hausar wata mata mai ɗauke da doya a kafaɗa, mutane na dariya. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi direban harshe nawa yake ji. Ya ce ɗaya. Ya tambayi matar, ta ce uku. Ya ɗauki jakarsa ya ce shi zai jira motar da mai uku za ta shiga. Muka jira har rana ta karkata. Ni na ji haushi, don ni na ɗauki buhun.

Kada a ce na wanke shi. Mutum ne da yake jin yadda ka faɗi magana kafin ya ji abin da ka faɗa. Ranar sunan ɗansa na fari muna bayan Kutemeshi muna ɗaga wa wata tsohuwa faifai. Matarsa ta taɓa shigowa ta ce masa yaro ya ƙone da ruwan zafi, ya ɗago kai ya ce, "Sake faɗi." Har yau in ta ba da labarin ba ta dariya.

Akwai wata dabara tasa. Mutane in suka ga rikoda sai su miƙe wuya su kama Hausar rediyo. Shi kuma ba ita yake nema ba. Sai ya ajiye buhu, ya gyara zama, ya ce:

"Ka taɓa shiga halin da ka ce a ranka, yau kam na mutu?"

Nan take mutum zai manta da rikoda. Ya koma maganar gidansu, hannu na tashi, ido na fitowa. A shekarun farko amsoshin daɗin ji gare su. Wannan ɓauna ce ta kore shi ya hau bishiyar da ba ta kai shi tsawo ba. Wancan kububuwa ya taka. Mata su ce haihuwar fari. A yi ta dariya, a kawo fura. Kafin ya kashe rikoda kuma sai ya yi wa kowa alkawari iri ɗaya, kalma ɗaya ba ya canzawa:

"Ba zan sa sunanka a kai ba. Abin da ka faɗa ba zai dawo ya cuce ka ba. In kuma kai ko naka kuka so muryar, zan maido."

Daga baya daji ya canza. Amsar kowa ta zama iri ɗaya, kuma ba mai dariya. Ya daina yin tambayar.

Ni an ɗauke ni ne da rana tsaka. Shi ya aike ni in gaya wa wani tsoho a wajen Gayam cewa muna tafe mako mai zuwa. A dawowa 'yan bindiga suka tare hanya. Na yi wata biyu da kwanaki a hannunsu. Abin da aka yi a can ba zan faɗa ba. Ba duka muka dawo ba.

Abu ɗaya zan faɗa, don shi ne dalilin. Yawancinsu maganarsu ta nesa ce. Amma akwai wanda ke gadinmu da rana, fuska naɗe da rawani, ba ya yawan magana. Wata rana zafi ya yi tsanani, sarƙa a ƙafata, ya zo ya tsaya a kaina.

"Tsoho, matsa inuwa."

Kalma uku. Na san bakin nan. Na riƙe masa abin magana da hannuna lokacin yana saurayi, jika ne a wani gida, ƙauyen ba zan faɗa ba. Yana da wani jan numfashi kafin ya fara magana, kamar mai shirin ɗaga kaya. Ya ba mu labarin yadda rafi ya cika ya tafi da shi ya kama saiwa. Kakarsa ta dama mana fura a ranar. Shekarun da na yi ina bin Yaya sun buɗe mini kunne ban sani ba, ga inda abin ya kai ni.

Na sunkuyar da kai. Da ya tabbata na gane shi, da ban kwana ba. Ina jin shi ma ya san na sani. Daga ranar bai ƙara magana kusa da ni ba, da bakin bindiga yake nuna mini inuwa. Kada a ɗauka mutumin kirki nake kwatantawa. Yana tsaye da bindigar nan aka yi abin da aka yi.

Kwana biyu da fitowata Yaya ya iso daga jami'a. Ina kwance a zaure, ƙafafuna sun kumbura, ba sa shiga takalmi. Ya durƙusa ya rungume ni, ya yi kuka kamar yaro. Ya zauna. Ya dubi ƙafafun. Sai na ga hannunsa ya tafi cikin jaka, ya fito da rikoda, ya ajiye a tabarma tsakaninmu.

"Yaya suke magana? Ina nufin, in suna tsakaninsu."

Na dube shi.

"Sake faɗi," na ce.

Bai sake ba. Na ɗauki rikodar na buga ta da bango. Na ce ya fita mini daga gida. Ya tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya, ya fita.

Shekara biyu ban yi masa magana ba.

A cikin shekarun nan ya yi ritaya. Lokacin duk mai hali yana kwashe iyalinsa zuwa Kaduna, shi kuwa ya kwaso nasa ya dawo Birnin Gwari. Mutane suka ce karatu ya taɓa shi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya zo ƙofar gidana ya zauna a dakali. Ba jaka, ba buhu. Ya yi sallama, in amsa don sallama ce, shi ke nan. In tashi in shiga gida, in fito, in zagaya bayan gida, in kwance tayar babur da ba abin da ya same ta. Yana zaune. In an kira La'asar ya tashi ya tafi. Mutumin da ba ya iya shan ruwa bai tambayi mai randa daga ina take ba, ya yi Juma'a fiye da yadda zan iya tunawa a ƙofata bai yi tambaya ko ɗaya ba.

Sai bayan rasuwarsa matarsa ta gaya mini cewa washegarin ranar da na kore shi ya ƙone littafin sunayen. Ta same shi tsugune a bakin murhu yana yage shi yana turawa.

"Malam, aikinka ne fa."

"Akwai wa ke ina a ciki, da wa ya haifi wa. In ya faɗa hannun mutanen daji, ko hannun masu neman wanda za su kama, ni na kashe su. Na yi musu alkawari."

"To in ana son sunayen fa?"

"Suna kan ƙanena."

"Wanda ya ce kada ka ƙara taka masa gida?"

"Shi."

Wata Juma'a, ban shirya ba, ina tsaye na ba shi baya ina goge babur, maganar ta fito da kanta.

"Akwai namu a cikin mutanen dajin nan."

Bai motsa ba.

"Na yi zato," ya ce.

"Ba za ka tambaye ni wane ne ba?"

"A'a."

Can ya ce, "Na yi maka laifi. Ni na aike ka. Na ga ƙafafunka na rasa abin da zan ce, sai bakina ya tafi inda ya saba."

Na ce masa ya tashi in kai shi gida, rana ta yi zafi. Ya hau baya. Ya ɗora hannu a kafaɗata, inda ya saba ɗorawa. Iyakar sulhun ke nan, ba mu ƙara tada maganar ba har ya bar duniya.

To wannan shi ne dalilin da ya sa ban amsa wa Dakta ba. Na san abin da ke cikin kwalayen nan. Rabin mutanen ciki na san yadda suka mutu. Kuma na san akwai kaset ɗaya da ke jirana.

Tsohuwar Kutemeshi ta sake aikowa. Ta sake aikowa kuma. Ranar sadakar bakwai na ce wa Dakta ta kunna.

Ranar farko ban iya gama kaset ɗaya ba. Ta sa mini abin saurare a kunne, ta ba ni kujera. Muryar wani maƙeri ta fito, ina jin ƙarar zuga-zuginsa a baya, na fizge abin na fita waje. Washegari na tarar Dakta ta fito da lasifika tsakar gida, ta kawar da kujerar.

"Baba, ka yi ta tafiyarka. In ka gane sai ka faɗa."

Haka muke yi. Ina kai da kawowa daga rijiya zuwa bakin zaure, murya na tashi, ina faɗa tana rubutawa. Wannan maƙerin Gayam ne, ya rasu. Wannan 'yarsa ce, tana aure a cikin gari. Wannan jikar ce, ban san inda take ba. Mun yi da ita cewa sunayen ba za su bar gidan nan ba, suna hannun matar Yaya. Jami'a abin da za ta samu shi ne wannan kakar wannan ce, daga gari kaza. Duk wanda muka gane kuma muka san inda nasa suke, Dakta ta juye muryar a ɗan katin waya, ni in kai a babur.

Mun samu mijin tsohuwar a kwali na uku. Na kai mata da kaina. 'Yarta ta sa a waya, mata suka taru. Ga shi nan yana ba da labarin ɓaunar da ta kore shi, yana rantsuwa ƙahonta ya kai tsawon hannu. Sai ga wata murya daga nesa, ta mace mai ƙarfi, tana cewa, "Ƙarya yake yi, Malam, saniyar Fulani ce." Tsohuwar ta dafe baki.

"Ni ce," ta ce. "Wallahi ni ce. Kuma saniya ce."

Ta yi dariya har ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta buɗe ba har na tafi.

Wancan kaset ɗin ya fito ne wata Laraba da hantsi. Ina daidai bakin rijiya na ji jan numfashin. Sai muryar saurayi, tana rawa don ɗoki, yana faɗin yadda ruwa ya ɗauke shi, yadda ya kira sunan uwarsa ruwa ya cika masa baki, yadda ya kama saiwa. Mutane na dariya a baya. Na ji tawa dariyar a ciki, ta fi ta kowa ƙarfi.

Na zauna a bakin rijiyar. 'Yata ta ce tun da na dawo daga daji ba ta ga na zauna haka ba, ba tare da an sa ni ba.

"Baba, wannan fa?" in ji Dakta.

Sunan yana bakina. Shekaru yana nan, ina ci da shi ina sha da shi. In na faɗa, ko da ba da niyya ba, magana za ta fita, don fuskata ta riga ta faɗi rabi, kuma tsakar gidan ba mu kaɗai ba ne. Shi ba za a same shi ba, yana daji ko yana ƙasa. Uwarsa za a samu. Tana nan cikin gari tare da sauran 'yan gudun hijira, tana sayar da daddawa. Na san abin da ake yi wa gidan da aka ce ɗansu yana daji.

Kaset ɗin bai tsaya ba. Labarin ya ƙare, dariya ta lafa, sai muryar Yaya, lokacin da sauran ƙarfinsa: "Ba zan sa sunanka a kai ba. Abin da ka faɗa ba zai dawo ya cuce ka ba."

"Wannan ki bar shi da lambarsa," na ce.

"Ba ka gane shi ba?"

"Na gane shi."

Ta dube ni. Ta ajiye biro.

"Amma ki juye mini shi a kati."

Ranar na kai wa gidaje huɗu nasu, na sa na uwarsa a tsakiya don kada kowa ya lura. Na same ta ita kaɗai tana tsince kalwa. Na kunna mata a wayata. Ta saurara har ƙarshe, hannunta a cikin ƙwarya bai motsa ba. Da ya zo wurin da ya kira sunanta ruwa ya cika masa baki, ta rufe ido.

"Ka gan shi?" ta ce, ba ta dube ni ba.

"Da ransa, lokacin."

Ba ta tambaye ni a ina ba. Ta karɓi katin ta ƙulle a bakin zane.

Ban yafe wa ɗanta ba. Wannan tsakanina da shi ne da Allah. Amma alkawarin ba nawa ba ne da zan karya. Ajiya aka ba ni.

Saura kwalaye da yawa. Dakta ta koma bakin aikinta, tana zuwa duk ƙarshen mako in hanya ta yi kyau. Ina gaggawa, don ƙirjin nan ba ya jira. Wasu muryoyin sai na zagaya tsakar gida sau goma kafin fuskar ta zo mini. Wasu ba ta zuwa. Murya ɗaya ce ke cikin kowane kaset ba a ba ta lamba ba. A kwalin farko siririya ce, tana sauri. A na ƙarshe ta dushe, haƙora sun ragu. Abin da take faɗa bai canza ba: mene ne wannan, sake faɗi.

Yaya ya yi rayuwarsa yana tambayar mutane. Allah Ya sa da aka zo tambayarsa ya samu ikon amsawa.

Ya bar wasiyya a kai shi gida. Ranar da ya rasu mutane suka ce hanyar ba ta da kyau, a binne shi a cikin gari. Na ce ni zan shiga gaba. Na hau babur, motar gawa na biye da ni, muka bi hanyar da muka bi tare ban san sau nawa ba. Ba wanda ya tare mu. Kafaɗata ce kawai ba hannu a kai.

Yana kwance yanzu a maƙabartar Tsohon Birnin Gwari, ta gabas, inda ɗorawa ke jefa inuwa da yamma, kabari biyu tsakaninsa da Inna.